Katin Usuman

A tashar Bagudo, motar zuwa garin Illo tana jiran cikon mutum biyu. Munawwara, ɗalibar aikin jinya, tana jera wasu katuttuka masu zane a cinyarta, sai wata dattijuwa mai kwandon busasshen kifi ta leƙo.

"Ɗiyata, da girmanki kike wasa da hotuna? Kofi, tabarma, har da masai?"

"Kayan aikina ne, Inna. Jinyar masu jinkirin fahimta nake koyo. Wanda bakinsa bai iya faɗin damuwarsa, sai ya nuna da yatsa."

"Wannan ai aikin iskoki ne. Tsallaken iyaka ake kai su, a yi musu turare."

"An kai da yawa. Wani kuwa haƙori ne kawai ke masa ciwo, shekara biyu ba wanda ya tambaye shi. Ni na gano, da wannan katin." Ta ɗaga shi sama, duk motar ta gani.

Dattijuwar ta shiga murza bakin mayafinta.

"To, in mutum ya kai talatin, kuma in ransa ya ɓaci sai ya ciji hannunsa fa?"

"Me ya fi jin daɗin yi?"

"Ɗinkin komar kifi. Kaf Illo babu mai ɗinke koma kamar Usuman ɗina, masunta har layi suke yi..." Sai ta kama bakinta.

Munawwara ta zaro farin kati da biro.

"Inna, ban taɓa zana koma ba. Kwatanta mini da kyau, kada gwani ya raina aikina."