Ƙyauren Balarabe

Ranka ya daɗe Hakimi, uban taro. Allah gafarta Malam Liman. Dagaci da masu unguwanni. 'Yan'uwana wakilan majalisar gari. Da jama'ar da kuka ajiye fartanya kuka zo, har da baƙinmu na Bebeji: assalamu alaikum.

Ni Uba, ina godiya da aka ba ni dama in yi magana kafin a yanke ko za a tsige Balarabe daga kujerarsa ta majalisa.

Na farko, rabin laifin nawa ne. Ranar kasuwa ina awon gyaɗa na ba shi labarin da muka koya a makarantar Midil, cewa a Ingila Sarauniya ke sarauta amma majalisa ke yin doka, kuma don kada a manta, in ta aiko jakada ya kira wakilai, sai su rufe masa ƙofa a fuska. Ya ce, "Uba, a fuska?" Na ce, "A fuska." Ban ƙarasa ba mai buhu ya iso.

Na biyu, zauren majalisarmu ba shi da ƙofa, asabari ne. Balarabe ya ciro ƙyauren gidansa, ya ɗauko a ka. Malam Lado jakadan Hakimi yana yin sallama, garam, ya rufe masa a fuska!

Ga ragowar labarin: jakadan Ingila yakan buga da sanda sau uku, a buɗe masa, wakilai su bi shi cikin ladabi. Malam Lado bai buga ba, jakinsa ya hau. Balarabe kuwa yana tokare da ƙyaure har la'asar, yana cewa, "Ku yi shiru, yanzu zai buga."

Na uku, ranka ya daɗe, tsarin mulkin Ingila ba a littafi guda yake ba. Galibinsa al'ada ce wadda mai rufewa ya sani, wanda aka rufe wa ya sani. Tamu al'adar tabarma ce da ruwan sha, kuma mun koma gare ta. Amma wanda ya ɗauko ƙyaure a ka domin majalisa, alhali wasunmu ko buzu ba sa kawowa, irinsa ake tsigewa?

A bar masa kujera. A kuma mayar masa da ƙyauren da aka riƙe shaida. Kwana shida ke nan matarsa Zuwaira na fama da awaki.

Allah ya ja zamanin Hakimi, ya huci zuciyar Malam Lado, ya ba mu haƙurin jin labari har ƙarshe.

Na gode.