Bindigar Da Ba Ta Kuskure

A ɗakin jiran mota na wani ƙauye kusa da birnin Tomsk a ƙasar Rasha, wani mutum mai sabuwar rigar fata ya zauna gefen wani tsoho da ke rungume da doguwar bindiga cikin bargo.

"Baba, yaƙin nan fa an gama shi tuntuni. Ko labari bai iso ƙauyenku ba?"

"Ya iso, ɗana. Ita ta gama shi."

"Wannan sandar? Harbi ɗaya, ka ja sakata, ka jira abokin gaba ya sha shayi?"

"Irin taku mai ruwan harsashi ai don marasa saiti aka yi ta. Wannan a birnin Tula aka ƙera ta. Ta yi wa sarki aiki, ta yi wa waɗanda suka kashe sarki aiki, ta je Berlin ta dawo, sannan aka sallame ta ga mu maharba. Duk iyayen gidanta sun mutu, ita ko tari ba ta yi."

"Sannu da tarihi! To ina za ka kai gimbiyar?"

"Wurin 'yan sanda. Miƙa ta zan yi."

"Au, ta fara kuskure ke nan."

"Ba ta taɓa ba." Tsohon ya gyara bargon. "Ran Talata ina dawowa gida na hangi kerkeci a bakin shingena. Harbi ɗaya, a ƙirji."

"To ai madalla."

"Karena ne, Buran. Taryata ya fito yi."