Inda Jar Hanya Ta Ratse

A rumfar masu sayar da babura, kan bencin jira, wani dattijo ya zuba wa wani dogon babur mai kaurin taya ido. Saurayin da ke gefensa ya kasa yin shiru.

"Baba, wai lafiyayyen babur ɗinka mai kujera kamar ta falo za ka bayar, ka ɗauki wannan raƙumin? Ƙafarka ma ba za ta kai ƙasa ba."

"In babban yatsa ya kai, ya isa."

"Kwaltar ce ta ishe ka?"

"Akwai wata jar hanya, ɗana, da ta ratse daga titi ta nufi wani shuɗin dutse. Duk sanda muka wuce, sai uwar 'ya'yana ta taɓa kafaɗata, 'Malam, mu leƙa can mana.' In ce babur ɗin nan bai san ƙasa ba, sai wani jiƙon."

"Me ke bayan dutsen?"

"Oho. Yau ta ce ƙorama ce da inuwa, gobe ta ce lambu."

"Ai kujerar bayan wannan kamar katako take. Mama za ta yi maka tsiya kafin ku isa."

Dattijon ya yi murmushi. "Ina ma ta yi."

Saurayin ya sunkuyar da kai. "Allah ya jiƙanta, Baba."

"Amin." Sai ya ɗaga murya. "Makanike, cire majinginar bayan tsohon nan, ka sa mini a sabon."

"Ba za ta zauna ba, Baba," in ji makaniken.

"Ɗaure ta da igiya. Baiwar Allah ba ta saba tafiya babu jingina ba."