Buhun Taki Ya Jawo Mini Shugabanci

Assalamu alaikum Anti mai gabatarwa, Rumaisa ce daga unguwar Jarwal, nan ƙasa mai tsarki.

A ƙungiyar dashen itatuwa ta makarantarmu, mu baƙaƙe ke haƙa rami, amma in shugabar makaranta ta zo dubawa, farare ke tsayawa gaba. Ran nan ina rungume da buhun taki, hankalina na wurin jarumin littafin soyayyata, sai ga shugaba ta iso, aka ce mana mu baƙaƙe, "Yalla, maza ku koma baya!" Wallahi ban ji ba. Ƙawayena suka zaci bore nake, suka jeru kusa da ni. Da shugaba ta tambaya, ƙawayena suka faɗa mata wariyar da ake mana, ta ce daga yau kowa zai haƙa.

Yanzu sun ɗora ni shugabancin ƙungiya, jibi zan yi jawabi, ni da ko gaisuwa muryata rawa take. Anti, me zan ce? Ko in sake rungumo buhun?