Hantar Yayan Wani Dattijo

A tashar Dogon Dutsi, Ramatu na jiran motar Gesheme ta cika, sai wani dattijo ya zauna kusa da ita, rungume da takardun asibiti.

"Malam, daga Yamai kake?"

"Daga can, Hajiya. Yayana ne ba lahiya. Sankara ta kama mashi hanta, lokotoro ya ce ta wuce aikin wuƙa."

"Subhanallahi! To mi ya rage?"

"Hanya biyu, duk sai ƙasar waje. Ta jijiyar cinya suke zura siririn tiyo har cikin hanta. Ko su tura magani mai ƙarhi su toshe jijiyar, ciwon ya rasa abin ci, amma sai an maimaita, ga zazzaɓi ga amai. Ko su tura wasu ƙwayoyi masu ƙuna, ƙanana kamar gari, su ƙone shi daga ciki. Wagga ba ta cika kada mutum ba."

"Wacce ke warkarwa?"

"Babu, Hajiya. Kwana dai suke ƙarawa, in Allah ya so."

"To shi yayan naka wacce yake so?"

"Wadda za ta bar shi tsaye. Gero ya hidda kai. Shekara uku ina jiran damina irin wagga, ba ni kwanciya wani ya yanke mani hatsina!"

Ramatu ta dubi idanunsa. Sun yi rawaya, irin na mijinta a shekararsa ta ƙarshe.

"Malam, in mota ta cika ka ɗauki wurina na gaba. Hanyar ba ta da kyau, kada a jijjiga yayanka."