Mai Tausa Ko Mai Binciken Aure?

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki, ya iyali? Hajiya Rabi ce mai ɗinki, daga Ƙofar Guga.

Malam, zaman keken ɗinki ya sa mini ciwon baya, sai aka kwatanta mini wani gidan tausa na mata zalla, inda ake yi wa kowa daidai da ciwonsa. Na je. Kafin mai tausar ta taɓa ni, sai ta zaunar da ni ta hau tambaya.

"Hajiya, kina da hawan jini ko suga? An taɓa yi miki aiki? A danginku akwai mai ciwon ƙashi?"

Na ce, "Ke 'yar nan, baya na kawo miki, ba dangina ba."

Ta ce, "Haka aikin yake, Hajiya, don kada in danna inda zai cutar da ke."

Na saki jiki na faɗa mata komai, har ciwon mahaifiyata.

Gaskiya ta iya tausa, ciwon ya lafa. Amma da na koma gida na kwatanta ta, sai 'yata Asiya ta ce, "Umma, ai yayar Nura ce." Nura kuwa shi ke neman auren Asiya, kuma danginsa suna cikin bincike a kanmu.

Malam, don Allah a tambayar mini masana: ko'ina haka ake tambaya kafin tausa, ko ni na kai kaina aka bincike ni a kwance? Mai tausar ta ce in koma Laraba. Bayana yana son komawa, ni ce ban yarda ba.