Ranar da Na Zare Abin Kunne

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, 'yan'uwa. Sunana Rahila, nas ce ni, a Gyaɗi-Gyaɗi nake zaune. Yau da bakina zan tona wa kaina asiri.

Bara aka samo mini hanyar aikin kula da tsofaffi a Japan. Sharaɗinsu ɗaya: sai ka iya yarensu, kuma za su gwada ka baki da baki ta bidiyo. Wata biyar ina fama. Wayyo! In haddace da safe, kafin la'asar ya gudu. Ga shi don rawar kai na riga na miƙa takardar ajiye aiki a asibitinmu. In na faɗi, ba Japan, ba Kano.

Sai dillalin da ke mana hanya, mai ofis a Tarauni, ya ce, "Sista, kwantar da hankalinki. Za mu saka miki ɗan abin sauraro a kunne, ki rufe da ɗankwali. Akwai wanda ya yi zaman can, zai zauna a ɗaki na gaba. Ya faɗa, ki maimaita." Na yarda. Ni ɗin nan da ke ba da waƙa a zumuntar mata!

Ranar gwajin, ƙarfe bakwai na safe, ina gaban kwamfuta a ofishinsa. Wata dattijuwa 'yar Japan ta bayyana, ta sunkuya ta gaishe ni. Tambaya uku ta yi, ana raɗa mini ina zubawa kamar aku. Har murmushi take.

Sai ta kunna mini muryar wani tsoho, yana nishi yana magana, ta tambaye ni me yake cewa. Ko kalma ɗaya ban kama ba. Mai raɗar ya ce da Hausa, "Cewa yake numfashinsa na ɗaukewa. Maimaita abin da zan faɗa."

Shekara tara ina jinya, na san mai irin wannan kukan ba ya jira. A can wa zai raɗa mini? Uban wani zai mutu yana gaya mini, ni kuwa ina washe masa baki.

Na ce a zuci, "Yesu, ka cece ni daga kaina!" Sai na ɗaga ɗankwalin, na zare abin, na nuna mata. Dillali daga bakin ƙofa ya ce, "Ke! Kin haukace ne?"

Matar ta sake sunkuyawa, ta kashe bidiyon. Na koma asibitinmu, an ba wata gurbina. Wata huɗu ina zaune a gida, na yi kuka har na gaji.

Yanzu ina wani ƙaramin asibiti a Unguwa Uku, kuma ban daina karatun yaren ba. Har yau ban ga Japan ba, amma ba tsohon da ya mutu a hannuna saboda ƙaryata. Na gode wa Ubangiji! 'Yan'uwa, ku dogara gare shi ko da gaskiyar za ta ci ku. Amin.